Darasin Farko Na CS50: Yadda Ake Koya Wa Kwamfuta Neman Suna

Matasa da dama sun ɗauka cewa koyon rubuta manhaja haddar wasu kalmomin Turanci ne masu wuya. Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda Farfesa David Malan ke koyarwa tun shekarar 2007, yana farawa ne da gyara wannan fahimta.

A darasin farko, malamin kan kawo misali da littafin lambobin waya. A ce littafin yana da shafi 1,000, ana neman suna ɗaya a ciki. Idan aka bi shafi bayan shafi, ana iya buɗe duka 1,000 kafin a dace. Amma tun da an jera sunayen bisa tsarin haruffa, akwai hanya mafi sauri: a buɗe tsakiya, a duba ko sunan yana gaba ko baya, a ajiye rabin da ba ya ciki. Shafi 1,000 ya koma 500, sannan 250, sannan 125. Cikin kimanin mataki 10 an gama. Ko littafin ya ninka zuwa shafi 2,000, mataki ɗaya kacal zai ƙaru.

Irin wannan jerin matakai na warware matsala shi ake kira algoridim, kuma shi ne ginshiƙin kowace manhaja da ke cikin waya. Yaren kwamfuta hanya ce kawai ta rubuta shi.

Daga nan ɗalibi zai fara da Scratch, inda ake haɗa umarni kamar tubala, sai ya wuce zuwa C, Python, SQL, HTML, CSS da JavaScript.

Tun 2012 ake bayar da kwas ɗin kyauta a dandalin edX da sunan CS50x, laccocin kuma suna YouTube cikin Turanci. Waya ta isa kallonsu, amma aikin gida ya fi sauƙi a kwamfuta. Kallo kaɗai ba ya koyarwa. Wanda ya zauna ya yi aikin, ya yi kuskure ya gyara, shi ke ƙwarewa.

Ga gwaji na yau: aboki ya riƙe lamba tsakanin 1 da 100 a zuciyarsa, yana amsawa da "sama", "ƙasa" ko "daidai". Mai bin hanyar rabawa biyu ba zai wuce canki 7 ba.