Yadda za ka yi idan maciji ya shigo gida

Daga Yuni zuwa Satumba, idan Gulbin Rima ya cika ya malale fadamar Kwalkwalawa, macizai kan bar ramukansu su nemi tudu. Ɓeraye ne ke jawo su gidajen Sakkwato, musamman inda aka jibge buhunan gero ko itacen girki.

Da ka ga maciji, ja da baya taku huɗu ko biyar. Fitar da yara, ka rufe ɗakin, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ajiye sanda, don wajen kisa ake saran mutane da dama, kuma kan maciji ko an datse shi yana iya sara.

Sai ka dube shi daga nesa ka gane irinsa. Kububuwa gajeriya ce, kamar kamu guda, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo. In ta tsorata takan naɗe tana goga jikinta, ka ji ƙara kamar ruwa ya ɗiga a kasko mai zafi. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, ita ta fi kashe manoma a Arewa. Kumurci baƙi ne, yana fasa wuya ya tofa dafi a ido daga nisan mita 2. Kasa mai kauri ce, ba ta gudu. Mesa ba ta da dafi.

Kira gardi ko wani gwanin kamu, ka roƙe shi ya saki macijin a daji mai nisa. Ina ganin wannan ya fi kisa, domin maciji ne ke rage mana ɓerayen da ke cin hatsi, suke kuma yaɗa zazzaɓin Lassa.

In tsautsayi ya afku, a cire zobe ko munduwa, a ɗaura wa gaɓar da aka sara kara yadda ake wa karaya, a hana mutum tafiya da ƙafarsa. Ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure da igiya. In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa. A garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a nemi allurar kashe dafi.

Ko ciwon ya lafa, a bar shi a asibiti. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, kuma zubar jini ta dasashi kan bayyana bayan sa'o'i.