Filin Gwaggo: A Ɗakin Inna Ko a Asibiti?

 Shekarata 19, cikina na fari ya shiga wata takwas. Jibi za a kai ni gida goyon ciki, ƙauyenmu kuwa da tazara tsakaninsa da gari. Inna ta ce a ɗakinta zan sauka kamar yadda ta haife mu mu tara, ungozomar da ta yanke mini cibiya ma tana nan da ranta. Maigidana ya fi son asibiti, amma yana jin nauyin musa wa surukarsa. Ni ma tsoron asibitin nake ji, don ƙawata ta ce tsawa ake yi wa mutum, kuma duk mai haihuwar fari sai an yi mata ƙari. Ina zuwa awo, an ce komai lafiya. Me kike gani?

'Yarki daga jihar Katsina

'Yata, Allah ya raba lafiya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Haihuwar fari, kuma a ƙauyen da ke nesa da gari, a asibiti ya kamata a yi ta.

Ina ganin girman ungozoma ƙwarai. Amma duba aikinta na asali. A gidaje da yawa sai ɗa ya faɗo ake aikawa a kira ta. Ita ce mai yanke cibiya, ta jira mabiyiya ta binne, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego. Wannan hidima ce babba, kuma babu wanda zai ƙwace mata ita. Sai dai abubuwan da ke ɗauke mata a kan gwiwa, maganinsu ba ya cikin ƙwaryarta.

Jini ne kan gaba. Masana lafiya suna cewa mace ta shiga haɗari idan ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, wato cikin ledar fiya wata guda ɗaya. A ɗaki wa yake aunawa? Zani ya sha, tabarma ta sha, ƙasa ta shanye saura, masu tsaye kuma suna cewa dattin ciki ne ke fita. Kafin a ankara idonta ya fara ganin duhu, hannu da ƙafa sun yi sanyi. Irin wannan zubar jini yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. A asibiti, da zarar jariri ya fito ana yi wa uwa allurar oxytocin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin da ke zubar. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Sun riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da ya kai layi sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Abin da ya ceci matan nan shi ne an gani da wuri, kuma magani yana kusa. Cewar da aka yi miki komai lafiya a wajen awo abin godiya ne, amma mata da yawa da jini ya ɓalle musu ba a ga wata alama a jikinsu ba kafin ranar.

Sai jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari irinki. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙahon zuci: duk wanda kika ji a ciki, ko naƙuda ba ta zo ba, a tafi a auna jininki a ranar. A gida akan ɗauka iskoki ne, a kawo hayaƙi, alhali hawan jini ne, kuma akwai allurarsa.

Doguwar naƙuda kuwa, ku 'yan Katsina kun san asibitin Babbar Ruga, inda ake ɗinke masu yoyon fitsari. Yawancin matan da ke kwance a can haka labarinsu ya fara: yarinya ta wuni ta kwana tana naƙuda, kunya ta hana ta magana, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Ki riƙe wannan: rana kada ta fito miki sau biyu kina naƙuda. Idan kuma wani ya zo da aska ya ce zai yi miki yankan gishiri don hanya ta buɗe, ki ƙi, ko waye shi.

Maganar tsawa gaskiya ce, ana yi a wasu wurare, kuma abin yana ƙona mini rai, domin shi ya kori mata da yawa daga asibiti. Amma akwai malaman jinya masu haƙuri da tausayi, kuma kina da haƙƙin a mutunta ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar mai naƙuda ta kasance da wadda ta zaɓa a kusa da ita, ta kuma ce kada a mayar da ƙari al'ada ga kowace mace, sai in da dalili. Ki tambayi malamar awo a kan duka biyun tun yanzu.

Inna kuma ba gardama za a yi da ita ba. Ta haihu tara a ɗaki, Allah ya kiyaye ta, amma in kika tambaye ta a hankali za ta lissafa miki sa'o'inta da suka tafi a wajen haihuwa. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, malama ta yi mata bayani baki da baki. Maigidanki ya tura yayarsa ko gwaggonsa ta isar da ra'ayinsa cikin ladabi. Ungozomar ma a tafi da ita ranar, ta riƙe miki hannu, in an dawo gida ta karɓi aikinta. Kafin watan ya kama, a san asibitin da ke karɓar haihuwa da dare, a ajiye lambar direba biyu, a ware kuɗin mota, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. In hanyarku tana yankewa da damina, ki koma gidan wani dangi a cikin gari ki jira a can.

*

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni magidanci ne. Iyalina tana da ciki na bakwai, shida duk a gida ta haife su. A na ƙarshe mabiyiya ta daɗe ba ta faɗo ba, ta zubar da jini har ta suma, amma ta warware. Yanzu muna da maƙwabciya malamar asibiti, ta ce za ta zo gida ta karɓi haihuwar, in naƙuda ta yi nawa ta sa mata ruwan naƙuda. Kuɗinta bai kai na asibiti ba, ni kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne. Tunda ma'aikaciya ce, akwai matsala?

Wani ɗanki daga Gusau

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Haihuwa a gida a hannun ƙwararriyar ungozoma mai takardar shaida abu ne da ake yi har a Ingila da Holan. Amma a can sai an tantance cewa cikin ba shi da wata matsala, ga motar asibiti tana jiran kira, ga ɗakin tiyata a kusa. Duk da haka, wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2011 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu haihuwar fari da suka fara a gida sai da aka kwashe su zuwa asibiti, waɗanda suka taɓa haihuwa kuma kusan kashi 12.

Iyalinka ba ta cikin waɗanda za a bari a gida, ko a can ɗin. Mahaifar da ta ɗauki ciki shida ta gaji, ba ta saurin tsukewa kamar da. Wadda mabiyiya ta taɓa maƙale mata, ta zubar da jini har ta suma, abin yana iya dawowa, kuma ya fi na baya. Mutane suna cewa ai ta saba, alhali haihuwa ta bakwai ta fi ta biyu haɗari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne ruwan naƙuda. Maganin da ake zubawa a ciki yana sa mahaifa ta matsa da ƙarfi. A asibiti ɗigo-ɗigo ake ƙirga shi, ana sauraron bugun zuciyar jariri, likita yana kusa. In aka sa shi a ɗaki, jariri kuma ya zo a gicciye ko kansa ya ƙi wucewa, mahaifa tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa kafin a samo mota. Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba za ta yi tayin wannan a gida ba. Kuma ba duk mai farin kaya ce ungozoma ba. In tana son taimaka muku, ta raka ku asibiti, ta tsaya muku a can.

Na san kuɗi ne ke tsaye maka a rai. Ka fara ajiye ɗan abin da ya samu tun yau. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, don haka ka je da ƙafarka ka tambaya ko na kusa da ku yana ciki. A auna yawan jininta yanzu, ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum. Sannan ka tara mutanen gidanka ka faɗa a gabansu cewa ka ba da izini, ko kana kasuwa ko kana kan hanya, a fita da ita ba sai an jira ka ba. Mata da yawa sun rasu ana neman maigida a waya.

In kuma haihuwa ta zo da gaggawa cikin dare, tunda masu yawan haihuwa kan yi sauri, ga abin da za a yi. A goge jariri, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, a rufe su, a sa shi a nono. Dakashin nan da ake zubarwa shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma yana taimaka wa mahaifa ta tsuke. Kada a ja cibiya don a fito da mabiyiya. Bayan ta faɗo, a ɗora tafin hannu a ƙasan cibiyar uwa a murza har a ji wurin ya dunƙule ya yi tauri. Ta tambayi malamar awo game da ƙwayar misoprostol da ake sha bayan jariri ya fito, a koya mata yadda ake amfani da ita. Reza sabuwa, zare mai tsabta, a shafa man chlorhexidine a cibiyar jariri, ban da toka da man goge baki. Da an kintsa, a wuce asibiti ko da komai ya yi kyau.

*

Gwaggo, kwanana 12 da haihuwa a gida. Ƙafafuna sun kumbura, in na kwanta numfashina sama-sama yake, sai na zauna nake samun sauƙi, ga tari da dare. Kakata ta ce sanyi ne ya shige ni, a ƙara zafin ruwan wanka da kanwa a kunu.

Mai jego daga Zariya

'Yata, ki ajiye wannan takarda ki sa a kai ki asibiti yau, a duba zuciyarki. Waɗannan alamun gazawar zuciya ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. A garinku likitoci suka yi nazarinsa sosai tun shekarun 1970, suka ga kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta suna ƙara wa zuciya nauyi, domin gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Ki daina shan kanwa daga yanzu, ki yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi cewa Gwaggo ce ta roƙa, kuma ta raka ki ta ji daga bakin likita. Ki tafi da jaririn, in ba a yi masa allurar BCG da ɗigon shan inna ba a yi masa a tafiya ɗaya.