Dangwala yatsa ba ita ce yarda ba

A watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a garuruwan Rusairis da Damazin na Sudan, Hausawa da yawa suka gudo jihar Sinnar. Wasu suka sauka wajen dangi a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, lokacin ina rajistar iyalai.

Wata dattijuwa mai takaba ta zauna gabana, ƙanin mijinta na tsaye a kanta, duk tambayar da na yi mata shi ke amsawa. Takardar hannuna da Larabcin littafi take, ita kuwa na kasuwa kaɗai take ji. Ban ko soma karantawa ba ta miƙo babban yatsa ta ce, "Duk yadda kuka gani, 'yata."

Na san wannan magana. Kunya ce da kawaici, ga kuma tsoron kada dawa da mai su wuce ta. Na roƙi ƙanin mijin ya ɗan ba mu wuri, na ajiye takardar, na koma Hausa.

"Inna, abu uku ne a nan: abinci, hotonki da za a ɗauka, da sunanki da za a tura wasu ofisoshi. Ko kin ƙi biyun, abincinki na nan."

Ta daɗe shiru kafin ta ce hoto dai a'a, tana takaba. Sunan ma a dakata, ɗanta yana can Damazin, ba ta san idon wa zai kai kan takardar ba.

A raina na so ta yarda da tura sunan, don zai iya buɗe mata ƙofar wani taimako, kuma na faɗa mata haka sau ɗaya. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ran yaro ne ke cikin haɗari, da na sa baki ko ba a so. Nan kuwa babba ce mai hankalinta.

Abokan aiki, tun yaƙin da ya soma a Afrilun 2023 layi ya ƙara tsawo, na san gaggawar da ake ciki. Duk da haka ku yi bayani da harshen da mutum ke ji, ku rarrabe masa abubuwan ɗaya ɗaya, sannan ku ce ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Dattijuwar nan ta dawo bayan mako biyu, ita kaɗai, ta ce yanzu a tura sunan, ɗanta ya iso.