Kabeji Ɗaya, Jiki Daban-daban

Kabeji yana da dangi da yawa. Akwai farin kabeji, akwai burokoli, akwai kuma lansir namu da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Zogale da gasaya danginsu ne na nesa, su ma suna ɗauke da irin sinadarin da za mu karanta labarinsa a wannan darasi.

Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyen lansir ya san yajin nan da ke hawa hanci. Yajin ba ya cikin ganyen tun yana lambu. Ganyen yana ajiye abubuwa biyu ne, kowanne a wurinsa. Sai wuƙa ta yanka shi, ko haƙori ya tauna, ko tsutsa ta ci, sannan su haɗu su haifar da sabon sinadari mai yaji. Da shi tsiron yake korar ƙwari. Wanda ya fi suna a irin waɗannan sinadarai shi ne salforafen. Wani masani mai suna Paul Talalay da abokan aikinsa ne suka ciro shi daga burokoli a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, a shekarar 1992.

Me yake yi a jiki? Kullum guba tana shigar mu, ta hayaƙin taba, da na icen girki, da na motoci, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Wasu daga cikin gubar nan suna lalata ƙwayoyin jiki har su zama ciwon daji. Salforafen yana zaburar da hanta da sauran sassan jiki su ƙara himma wajen fitar da ita. An gwada shi a jikin ɓeraye, aka ga ƙari ya ragu.

To amma mutum biyu za su ci kwano ɗaya, amfanin da kowa zai samu ya bambanta. Dalili yana cikin gado. Kamar yadda muke gadon tsawo da launin fata, haka muke gadon yadda jikinmu ke sarrafa abinci. Ƙwayoyin gado ne ke ɗauke da wannan umarni, rabi daga uba, rabi daga uwa.

A cikinsu akwai guda biyu da masana suka sa wa suna GSTM1 da GSTT1. Aikinsu kamar na mai shara ne: su kama guba, su haɗa ta da wani abu da zai sa ta narke, ta fita a fitsari. Sai dai mai sharar nan ba ya tantancewa. Idan ya ga salforafen, shi ma sai ya share shi waje. Abin mamaki kuma, ba kowa ke da su ba. Kusan rabin Turawa da rabin mutanen Sin ba su gaji GSTM1 ba sam, ko ta uba ko ta uwa. A Afirka marasa shi ba su kai haka yawa ba. Rashinsa ba cuta ba ne, mutum zai yi rayuwarsa har ya tsufa bai sani ba.

A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi diddigin maza fiye da 18,000 tsawon shekaru. An karɓi fitsarinsu tun suna lafiya lau, aka adana. Daga baya aka auna, aka kwatanta na waɗanda suka kamu da ciwon dajin huhu da na waɗanda ba su kamu ba. Sakamakon ya fito a shekarar 2000. Waɗanda aka ga alamar sinadarin kabeji a fitsarinsu ba su kamu da yawa kamar sauran ba, kuma kariyar ta fi ƙarfi ga waɗanda ba su da ƙwayoyin gadon nan biyu. Masu binciken suka ce wataƙila da yake ba a saurin fitar da sinadarin daga jikinsu, ya fi daɗewa yana aiki. A 2005 wani bincike a ƙasashen tsakiya da gabashin Turai ya ga irin haka.

Amma a wannan shekarar ta 2005, masana a Ingila suka ba mutane miyar burokoli, suka auna, sai suka ga akasin zato: marasa GSTM1 ne suka fi saurin fitar da salforafen. Har yanzu masana suna kan wannan muhawara. Ƙananan halittun da ke zaune a hanjinmu ma suna da hannu, domin suna iya ciro sinadarin daga dafaffen ganye, kuma na wani sun fi na wani iyawa. Shi ya sa a ganina bai kamata kowa ya ce sai an gwada jininsa kafin ya ci ganye ba. A kowane ɓangare gadonka ya faɗa, kabeji yana ba ka sinadarin bitamin C da dusar da ke gyara ciki.

Ko ɗanɗano ma gado ne. Akwai ƙwayar gado mai suna TAS2R38 da ke sa wasu jin ɗacin ganyen nan fiye da kowa. Yaron da ke ture kabeji ba lalle fitina yake yi ba, a rage masa ɗacin da ƙuli-ƙuli da ɗan mai.

Wani abu da dole a faɗa da babbar murya: kabeji da zogale ba maganin ciwon daji ba ne. Wadda ta ji ƙullutu a mama, ko wanda tari ya ƙi barinsa, asibiti za su nufa da wuri. Mai shan taba kuwa, ko gonar kabeji ya cinye ba ta kai masa daina tabar ba.

Abin da ke hannunmu shi ne girki. Zafi mai yawa yana kashe ɗaya daga abubuwan nan biyu da ke haɗuwa, ɗayan kuma yana tsiyayewa cikin ruwan dahuwa. Don haka a wanke ganyen sosai da ruwa mai tsabta tun kafin a yanka, musamman wanda za a ci ɗanye, domin ba kowane lambu ake bai wa ruwa mai kyau ba. A yanka ƙanana, a bar shi ya ɗan jima kafin ya hau wuta. A turara shi na 'yan mintoci, a sauke tun yana da kore da ɗan ƙarfi. In kuwa a miya ko dafa-duka za a sa, a zuba shi daf da saukewa, a ci har da romon.