Amfanin Ilimin Tsarin Sauti a Fagen Ɗaukar Fim

Tun daga fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, harkar fim ta buɗe wa ɗaliban Hausa ƙofar aiki. Wanda ya kammala karatu, aka ɗora masa ɗaukar murya a karon farko, wajibi ne ya kusantar da makirufo ga ɗan wasa, ya nesanta janareta, ya kuma saurara da kunnen manazarcin harshe. Dalili kuwa, tsawon wasali ne ke bambanta "gari" na zama da "gari" na tuwo, karin sauti kuma ke raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Idan hayaniya ta danne su, sai an sake ɗauka.

Aiki: Kawo tagwayen kalmomi biyar masu irin wannan bambanci.