Tun da Baba ya rasu nake shan tiramol

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne a Grand Hangar, Duwala. Tun da mahaifina ya rasu nake jefa tiramol a kofi kowace safiya, in ba haka ba kuka ke zo mini a kan babur. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ɗan'uwana. Kukan da kake gudu ba abin kunya ba ne, Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ƙwayar ce ke tayar mini da hankali. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, ko ga mai ciwo mai tsanani, alhali ta bakin titi wata guda ɗaya 225 ce. Biyu kawai, ka zarce. Tana jawo farfaɗiya, ga ka kullum kana tsallaka gadar Wouri da fasinja a baya, tirela na hura maka hayaƙi.

Kada ka yanke ta dare ɗaya. Zufa, gudawa da rashin barci za su mayar da kai. Je asibitin Laquintinie, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha, su rage maka sannu a hankali.

Ranar Juma'a kuma, in an sauko masallaci a New Bell, nemi dattijon da ya san Baba, ka zauna ya ba ka labarinsa. In kuka ya zo maka a hanya, faka a gefe ka yi abinka, sannan ka kira Inna.