Yadda Ake Ƙiyasta Zurfin Abu Kafin a Sa Diga

Tun da aka gano zinare a Djado, arewacin Nijar, a 2014, na'urar neman ƙarfe ta zama jarin matasa da dama a hamada. Amma jin ƙara daban, sanin inda abin yake kwance daban, kuma a zafin ranar hamada ba a wasa da ƙarfin jiki.

Da farko kada ka sakankance da lambar zurfin da allon na'ura ya nuna. An tsara ta ne bisa girman kwabo. Gwangwanin da ke can ƙasa sai ta ce yana kusa, ɗan ƙwayar zinare da ke sama-sama kuma ta ce ya yi nisa. Wasu injinan, irin GPX na Minelab, ba su ma nuna zurfi. Kunne ne ke aiki.

Ka fara da daidaita na'urar da ƙasar wurin, don jar ƙasa da baƙin dutse kan sa ta kuka ba gaira ba dalili. Sannan ka wuce da faifan na'urar daga gabas zuwa yamma, ka sake daga kudu zuwa arewa. Inda layukan suka haɗu, nan ne tsakiya.

Yanzu saurara. Ƙara mai kaifi, gajeriya, wani lokaci sau biyu a jere, ƙaramin abu ne a kusa. Mai laushi, wadda sai ka kasa kunne, zurfi ne. Mai ƙarfi da faɗi kuwa babban ƙarfe ne.

Sai ka riƙa ɗaga faifan a hankali kana shara har ƙarar ta ɗauke. A ce a gida ka gwada, kwabo na ɓacewa a santimita 25, a nan kuma ta ɗauke da ka ɗaga santimita 10, to abu mai girman kwabo bai wuce 15 ba. In ka kai gwiwa tana ta kuka, ba kwabo ba ne. A yankin da aka taɓa yaƙi, irin wannan ka bar shi, kada ka taɓa.

Ga gwajin da na fi yarda da shi: kankare ƙasa kamar yatsa uku, ka sake shara. Ƙara ta ƙaru, abin na ƙasa, ci gaba. Ta ɓace, duba tulin da ka kankare, yana ciki.

Kafin ka fita daji, binne kwabbai a santimita 10, 20 da 30 a bayan gida, ka yi ta bi har kunnenka ya haddace muryar kowanne.